Daga Mannheim zuwa Stuttgart a tsohuwar Marsandin Kawu

Jirgin ƙasan nan mai gudu da Jamusawa ke kira ICE bai fi rabin awa ba daga filin jirgin saman Frankfurt zuwa Mannheim, kuma da don ta ni ne, shi zan ci gaba da hawa har in gama abin da ya kai ni ƙasar. Kawu ya ce bai san wannan zance ba. Ƙanin mahaifiyata ne, ya tafi Jamus tun ina goye, ya yi kanikanci a garejin wani Bajamushe har ƙarfi ya fara ja baya ya ajiye aiki. Da na gaya masa ina son ganin gidan tarihin Mercedes-Benz da ke Stuttgart, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Gidan Marsandi za ka je a jirgin ƙasa? Ina raye? Bari Asabar ta zo."

Kafin Asabar ɗin na ɗan zaga Mannheim da ƙafa. Tsakiyar garin a yanke yake gida-gida, kuma yawancin layukan ba su da suna, sai harafi da lamba, ka ji an ce maka shagon yana Q 6, ofishin magajin gari yana E 5. Juma'a mun yi ta a masallacin Yavuz Sultan Selim na Turkawa, wanda aka buɗe a 1995, ga coci a tsallaken titi suna kallon juna. A wannan gari ne Carl Benz ya haɗa motarsa mai ƙafa uku, ya shigar da takardar mallakar fasaharta ranar 29 ga Janairu 1886, ranar da Jamusawa ke ɗauka a matsayin ranar haihuwar mota.

Asabar da sassafe muka sauka garejin ƙarƙashin ƙasa inda yake biyan haya wata-wata saboda ita kaɗai. Ya yaye mata mayafi a hankali, ya ninke shi, ya sa a but. Marsandi 560 SEL ce ƙirar 1989, shuɗiya mai duhu, wadda in ba rana ta haska ta ba sai ka rantse baƙa ce. Masu harkar mota suna kiran wannan zubi W126, lambar da kamfanin ya ba shi ke nan. An fara nuna shi a bajekolin motoci na Frankfurt a watan Satumba 1979, aka yi ta ƙera shi, akasari a masana'antar Sindelfingen kusa da Stuttgart, har 1991, kuma masu ƙofa huɗu kaɗai sun haura 800,000. Ita 560 ɗin ta shigo ne a 1985 da aka yi wa zubin kwaskwarima, ta zama babbar yayarsu duka.

Ban sa ran za mu tashi nan take ba, don na san halin kanikawa. Ya ɗaga bonet, ya taɓa wani ɗan ƙarfe a gindinsa, sai ga bonet ya miƙe tsaye car, ya koma jikin gilashin gaba. Ya ce da gangan aka yi shi haka, don bakanike ya sunkuya kan inji ba tare da ya buga ƙeya ba, har ma a zare injin ɗungurungum bonet na nan a ɗaure. Injin silinda takwas ne, lita biyar da rabi da 'yar ɗoriya, ƙarfin doki 279, amma duk girmansa akwai sararin da hannu zai shiga ko'ina. Ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta wajen fitila. Ya duba ruwan lagireto. Daga nan ya buga murfin gaban injin da ɗan yatsa ya ce a nan lagonta yake: sarƙar da ke juya inji tana gudu ne a kan wasu hannuwa na roba, in suka tsufa sai su bushe su karye, sarƙa ta yi tsalle, inji ya tashi aiki. Shi ya canza nata tun ba su yi magana ba.

Sai ya miƙo mini wani ɗan littafi da ya yi laushi don buɗawa. Littafin sabis ne. Kowane shafi da kwanan wata, da yawan kilomitar da ta yi, da abin da aka canza, da hatimin gareji, tun daga mai ita na farko har zuwa rubutun hannun Kawu. A Jamus, in ji shi, in za a sayi tsohuwar mota, wannan littafin ake fara tambaya kafin a dubi fenti.

"Shiga, ɗan nan. Kuma kar ka buga mini ƙofa, ba ta buƙata."

Gaskiyarsa. Ɗan jawowa kawai na yi, ta rufe ruf da wata ƙara mai nauyi, hayaniyar fankar garejin ta ɗauke ɗif. Kujerun ba na fata ba ne, wani yadi ne mai laushi irin karan-miski, wanda Kawu ya ce manyan Jamusawan wancan zamani sun fi so, don ba ya sanyi da hunturu, ba ya ƙuna da bazara. Ƙarƙashinsa sifirin ne na ƙarfe, saboda haka in ka zauna ba ka nutsewa, kujerar ce ke ɗan ɗaga ka. A jikin ƙofa akwai maɓallin gyara zama, an yi shi da siffar 'yar ƙaramar kujera: ka tura mazauninta gaba, taka kujerar ta tafi gaba, ka kwantar da bayanta, taka ta kwanta. Ko wanda bai taɓa shiga makaranta ba zai gane shi da hannu a cikin duhu. Katakon gaban motar na gaske ne, mai zane-zanen jijiya, ba roba aka yi wa fenti ba. Agogunan gaban direba baƙaƙe ne da farin rubutu da allura ruwan lemo, babu ƙyale-ƙyale. Birkin hannu ma ba na hannu ba ne, da ƙafar hagu ake taka shi. Akwatin magani na taimakon gaggawa yana da gidansa a bayan kujerar baya, alamar gargaɗi mai kusurwa uku tana manne a cikin murfin but, ta yadda da ka buɗe but a bakin hanya masu tahowa za su hango ta.

Ya murza makulli, allurar matsin baƙin mai ta haura ta tsaya a 3, eriyar rediyo ta fito da kanta daga baya. Na saurara in ji ruri, ban ji ba. Da ya taka totur kuma motar ba ta zabura ba. Giyarta mai canza kanta ce, hawa huɗu, kuma in ba ka danne totur sosai ba, da giya ta biyu take tashi. Tashin nata irin na sarki ne daga karaga, sai dogarai sun gama baza riguna sannan ka ga ya riga ya miƙe.

Kawu ya ƙi bin babbar hanya. Ya ce za mu bi sawun Bertha Benz, matar Carl, wadda a farkon watan Agusta 1888 ta ɗauki motar mijinta da asuba ba da saninsa ba, da 'ya'yanta biyu Eugen da Richard, ta nufi garinsu Pforzheim, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Kafin ranar babu wanda ya taɓa yin doguwar tafiya irin wannan a mota. Tun 2008 aka kafa alamu a hanyar da sunanta, ana bi gari-gari. Mun ratsa Ladenburg, inda Carl ya ƙare rayuwarsa a 1929, ita kuma ta rayu har 1944 tana da shekara 95. Mun wuce Heidelberg, rusasshiyar fadarta ta jan dutse tana rataye a jikin tsauni a saman kogin Neckar, 'yan yawon buɗe ido sun cika gada. Ba mu tsaya ba, don samun wurin ajiye mota mai tsawon mita biyar da ɗoriya a irin wannan tsohon gari sai an sha wuya.

A waɗannan ƙananan hanyoyi na fara gane halinta. Sitiyarin babba ne, kuma yana da ɗan wasa a tsakiya, wanda direban motar zamani zai ce lalacewa ce. Kawu ya ce haka aka haife ta, don kada kowane ɗan tsakuwa ya iso hannun direba. In ta hau layin dogo ko titin da aka shimfiɗa da duwatsu, ka ji ƙarar daga nesa amma jikinka bai sani ba. A kwana tana ɗan kwantawa, ba ta ɓoye nauyinta, kilo 1,800 ba wasa ba ne. Muna hira da murya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ce "me ka ce?"

A Wiesloch muka yada zango na farko. Nan man Bertha ya ƙare, kuma a lokacin babu gidan mai ko ɗaya a duniya, sai ta shiga kantin magani na garin ta sayi wani ruwan cire tabon tufafi da ake kira ligroin, ta ɗura a motar. Kantin yana nan har yau, da allo a jikinsa da ke cewa shi ne gidan mai na farko a duniya, da wani mutum-mutumi na ƙarfe a dandalin. A wannan tafiya ce ta zare allurar hularta ta buɗe bututun mai da ya toshe, ta naɗe wayar wuta da igiyar safarta, ta kuma sa baduku ya lulluɓe katakon birki da fata da ya cinye. Ni abin da ya fi burge ni a labarin shi ne da ta dawo ba kirari ta tsaya yi wa kanta ba, rahoto ta kai wa mijin: motar ba ta hawa tudu sai an tura, a ƙara mata giya. Aka ƙara.

Muna dawowa inda muka ajiye mota muka tarar da wani tsoho Bajamushe da karensa yana zagaya ta, hannu a baya. Suka yi ta magana da Kawu, ni dai ban tsinci komai ba sai sunan Sacco. Da muka tashi Kawu ya ce tsohon direban wani shugaban kamfani ne, irin wannan ya tuƙa shekara da shekaru, kuma yana tambaya ne ko allunan gefen na asali ne. Allunan su ne faffaɗar robar nan da ta bi ƙasan ƙofofi daga gaba har baya, wadda Jamusawa suka laƙaba wa sunan Bruno Sacco, ɗan Italiyan da ya shugabanci sashen zanen motocin kamfanin daga 1975 zuwa 1999, ya rasu a 2024. Lokacin da motar ta fito, tsofaffin kwastomomi sun yi ta gunaguni: ina bamba mai ƙyalli irin ta wadda ta gabace ta, ya za a sa wa motar manya roba? Dalilin kuwa shi ne tsadar man da ta biyo bayan rikicin 1973. An zauna aka rage mata nauyi, aka sassauta goshinta, aka ɓoye waifa a ƙarƙashin leɓen bonet don iska ta wuce salin-alin, har shan mai ya ragu da kusan kashi goma cikin ɗari a kan na da. Ra'ayin Sacco shi ne sabuwar Marsandi kada ta fito ta mayar da tsohuwa abin kunya. Ko ya yi nasara, ai ga amsa a fakin: mota mai shekara talatin da ɗoriya a tsakanin sababbi, kuma ita tsoho ya tsaya kallo.

Hatta fitilun bayanta masu tudu da kwari ba ado ba ne. An yi su haka ne don in laka ta rufe tudun, kwarin ya rage da tsabta, na baya ya ci gaba da ganin haske.

Sai dai ragin shan man nan a takarda ya fi kyau. Kafin Bruchsal muka shiga gidan mai, inda kai ne za ka ɗura da kanka sannan ka shiga ciki ka biya. Tankinta lita 90 ne, lita ɗaya kuwa ta doshi yuro biyu. Na yi lissafi da naira a raina, na yi shiru. A gaban direba akwai wata 'yar allura da ke nuna ko kana tattalin mai, tana tafiya daga baƙi zuwa ja, kuma Kawu ya ce ya daina kallonta tun tuni don lafiyar zuciyarsa. Abin da ke rage masa zafi shi ne harafin H da ke ƙarshen lambar motar. Tun 1997 dokar Jamus ta ba motar da ta cika shekara 30, kuma aka tabbatar tana nan yadda aka ƙera ta, damar samun wannan lamba ta kayan tarihi. Harajinta na shekara ƙayyadadde ne, bai kai yuro 200 ba komai girman inji, kuma tana iya shiga tsakiyar biranen da aka hana tsofaffin motoci masu hayaƙi, irin su Stuttgart. Amma duk shekara biyu sai ta je gaban masu binciken lafiyar mota, su ɗaga ta su leƙa ƙarƙashi da fitila suna neman tsatsa. Shi ya sa da sanyi ya shigo aka fara watsa gishiri a tituna, Kawu ke lulluɓe ta sai bazara.

Daga Bruchsal ya ce in koma gidan baya. "Ka ga gaba, yanzu je ka ga inda kuɗin yake."

Harafin L da ke sunanta yana nufin doguwa ce, an ƙara mata santimita 14 a kan 'yar'uwarta SE, kuma duk ƙarin a ƙafar mai zaman baya ya tafi. Na miƙe ƙafa har ƙarshe ban taɓa kujerar gaba ba. Da maɓalli kujerar bayan ma ke zamewa ta ɗan kwanta. Gindin motar kuma yana daidaita tsayinsa da kansa, ko an cika but da kaya ba ta durƙushewa. Gonakin inabi da na masara suna wucewa ta taga, ni kuwa hankalina ya tafi gida. Mu da muka tashi a Kano, daga waje muka san Marsandi. Muna tsaye bakin titi take wucewa, gilashi a rufe, mu hango hular Alhaji a kusurwar dama ta baya, yara su bi tauraron kan bonet da ido. Mun san Bi-but, mun san ƙaramar 190, mun san ƙatuwar nan ta farkon shekarun 1990 da ake kira Bis. Manyanmu kuma sun san baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Onikan da ramukan harsashi a jikinta, da yadda bayan nan gwamnati ta mayar da manyan jami'anta cikin Fijo 504 haɗin Kaduna. A wurinmu Marsandi magana ce da ake yi wa na waje. Sai da na zauna a wannan kujera na ga waɗanda suka ƙera ta ba na wajen ne a ransu ba. Duk wahalar da suka sha, sun sha ta ne don wanda ke ciki ya sauka bayan tafiyar awa shida bayansa bai ƙage ba, da kuma don wanda zai kwanta a ƙarƙashinta da sifana.

Pforzheim ba ta riƙe mu ba. Garin maƙeran zinariya da agogo ne, a bakin dajin da suke kira Baƙin Daji, amma ruwan bama-baman 23 ga Fabrairu 1945 ya shafe tsakiyarsa, abin da aka sake ginawa kuma ba mai ɗaukar ido ba ne. Mun ci gurasa da naman Turkawa a tsaye, muka yi sallah, muka hau babbar hanya ta A8.

Aikin faɗaɗa hanya ya riƙe mu na ɗan lokaci, motoci na tafiyar hawainiya tsakanin jajayen alamu. Da muka fita, sai ga farin allo mai da'ira da baƙaƙen layuka a karkace, alamar an ɗage iyakar gudu. Shawarar hukuma a irin wannan wuri kilomita 130 ce a awa, amma ba dole ba ce. Kawu ya dubi madubi, ya sa sigina, ya koma layin hagu, ya danne totur har ƙasa. A nan ne kaɗai na ji muryar injin, wani gurnani mai zurfi daga can ƙasa, goshin motar ya ɗan ɗaga, bayana ya manne da kujera. Allura ta wuce 160, ta wuce 180, ta taɓa 200. Hannunsa ɗaya a sitiyari, yana ba ni labarin wani maƙwabcinsa. Motar kamar ma ta ƙara zama daram a kan titi. Ya ce tana iya kai 240, amma shi da ita duk sun girmi wannan. Can sai wata sabuwar mota ta haska mana fitila daga baya, ya kauce mata ba tare da ya yanke labarinsa ba.

Na tambaye shi, a wannan gudu in wani abu ya gifta fa? Ya buga tsakiyar sitiyari da tafin hannu. Jakar iskar da ke fashewa ta tare direba, wadda yau ko ƙaramar mota tana da ita, a wannan zubin Marsandi ta fara sayar da ita a 1981, tare da bel mai ɗaure kansa lokacin karo. Birkin da ba ya kulle taya kuwa, ABS, wadda ta gabace ta ce ta fara fitowa da shi a 1978, aikin haɗin gwiwa da kamfanin Bosch. Gaba da bayan motar an yi su ne don su lanƙwashe su shanye bugu, ɗakin fasinja ya tsaya da ƙarfinsa, dabarar wani injiniyansu Béla Barényi da suka fara amfani da ita tun 1959. Na ce duk da haka a sassauta. Ya yi dariya ya sassauta.

Stuttgart a cikin kwari take, tsaunuka da gonakin inabi sun kewaye ta, hanya na gangarawa tana murɗewa. Mun kwana a Bad Cannstatt, kuma da yamma muka taka zuwa wani lambu inda ɗan ɗakin da injiniyoyin nan biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka yi aikin injinsu yake. Sun ɓoye aikin sosai, suna kwana suna ƙwanƙwasa ƙarfe a bayan labule, har mai kula da lambun ya zargi kuɗin jabu suke bugawa ya kira 'yan sanda. Aka shiga da dare, ba a tarar da komai ba sai kayan aiki. Daimler da Benz, duk da kusancin garuruwansu, kowa nasa yake yi. Sai a 1926, bayan Daimler ya daɗe da rasuwa, kamfanonin biyu suka haɗe.

Gidan tarihin, wanda aka buɗe a 2006, yana gefen tsohuwar masana'antar Untertürkheim. Lif ke ɗaukar ka zuwa hawa na can sama, kuma abin da za ka fara cin karo da shi doki ne, fari, a tsaye. Daga nan sai ka yi ta gangarowa kana zagayawa, shekaru na wucewa, motoci sama da 160. Ga Mercedes-Simplex ta 1902, daga zamanin da aka fara sa wa motocin sunan Mercedes, 'yar wani dillalinsu Emil Jellinek. Ga 260 D ta 1936, motar fasinja mai shan man dizal ta farko da aka ƙera da yawa. Ga 300 SL mai ƙofofi masu buɗewa sama, inda jama'a suka fi cunkoso da wayoyi. Ba su tsallake shekarun Hitler ba, an rubuta a bango cewa kamfanin ya ƙera kayan yaƙi kuma ya yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki. Kawu ya tsaya ya karanta wannan allon har ƙarshe, ya fassara mini, sannan muka wuce.

A zauren motocin mashahuran mutane akwai ta Konrad Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma na farko, da ta Fafaroma mai ɗakin gilashi, da jar motar Gimbiya Diana. Wadda na fi son gani ba a nan take ba, tana gidan tarihin wariyar launin fata a Johannesburg: jar 500 SE, 'yar gidan su ta Kawu, wadda ma'aikatan masana'antar Marsandi ta East London a Afirka ta Kudu suka haɗa da hannunsu, a lokacin da ba a biya su ba, suka ba Nelson Mandela a 1990 bayan fitowarsa daga kurkuku. Kawu kuma nasa gwanin wani direban tasi ne ɗan Girka, Gregorios Sachinidis, wanda ya yi kilomita miliyan 4.6 da tsohuwar 240 D kafin ya miƙa wa kamfanin ita a 2004. Ya ce wannan ya fi masa duk motocin tseren da ke gidan tarihin, har da wadda aka sayar da 'yar'uwarta yuro miliyan 135 a 2022.

Da muka fito, ƙafafuna sun yi tsami, muka tarar an soke wani ɗan kati a gilashin ƙofar direba. Na dillalan da ke sayen tsofaffin motoci ne suna fitar da su waje. Kawu ya zare shi, ya buɗe aljihun ƙofa, ya jefa shi kan 'yan'uwansa, sun kusa cika wurin.

"Ka san inda za ta in na kira wannan lambar?" ya ce. "Jirgin ruwa, Kwatano, sannan wajenku. Wata shida a cire mata abin daidaita zafin inji a ce ƙasarmu da zafi. A zuba mata ruwan rijiya a lagireto. Gindin nan mai ɗaga kansa ya lalace, a yanke shi a sa na wata motar."

Na ce Kawu ai kar a yi wa kanikawanmu rashin adalci. Wanda ya ga yadda ake tayar da mataccen inji a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, da kayan da ba su kai sun kawo ba, ya san akwai hannu. Marsandi nawa ce Jamus ta yar, suka ƙara mata shekara ashirin a hanyoyin da mai zanenta bai taɓa mafarkinsu ba?

"Hannu akwai, wa ya ce babu? Ni ba daga can na koya ba? Mai motar ne ba ya zuwa sai ta tsaya." Ya yi shiru, ya shafa rufinta. 'Ya'yansa, in ji shi, ba ruwansu da ita, babbar ma ko lasisi ba ta nema ba, keke da jirgin ƙasa sun ishe ta, ƙaramin kuma mai lantarki yake so. Sai ya tambaye ni ko na zo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Na ce yana cikin jaka.

Ya miƙo makullin, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ta dama, ya zauna, ya danna maɓalli kujera ta kwanta. Sharuɗɗa uku ya kafa mini: kada in wuce 130, kada in taɓa rediyo, kada in taka birki sai na ga dalili. Ban kai ga fita daga fakin ba ya fara: "A hankali, ɗan nan, a hankali! Gindinta yana can baya, bai iso ba tukuna. Buɗe kwanar. Buɗe, na ce!"